Shekarar da Na Ɓata Suna

Akwai wata magana da kuke yi a bayan idona, ku 'ya'yana, kuna tsammanin ba ta zuwa kunnena. In kuna son tuna lokacin da aka yi wani abu sai ku ce, ai wannan tun kafin Baba ya ɓata suna ne, ko kuwa bayan Baba ya ɓata suna da shekara biyu. Har jikoki sun ɗauka, waɗansunsu ma ba su san cewa taron suna ake nufi ba, suna zaton wani abin kunya na aikata a gari. Ban taɓa jin haushi ba, domin gaskiya ne na ɓata shi, kuma da za a maido ranar da na sake ɓata shi. Amma tun da na zauna rubuta abin da na sani na rayuwata, gara ku ji yadda aka yi daga bakina. Abin da kuka gani da idonku rabi ne. Ɗaya rabin ya faru wata huɗu kafin nan, a rumfata ta kasuwa, ba kowa cikinku a wurin.

Sai na fara da tiya, don ban iya bayani ba sai ta hanyar sana'ata. Kun san ban gaji komai ba. Abin da ya tashe ni a fataucin hatsi shi ne na lura da wuri cewa sunan tiya ɗaya ne, amma cikinta ba ɗaya ba ne. Wadda ake awo da ita a ƙauyukan Zango daban, ta cikin Daura daban, in ka wuce Kongolam ka tsallaka iyaka kuma wata ce. Wani wurin ana cika ta har ta yi tozo, wani wurin a shafe bakinta, wani wurin mai awo ta kewaye bakin da hannunta gero ya hau har kan damtse. Duk sunansu tiya. Wanda bai san haka ba sai ya sayi buhu a can ya zo nan ya ga ya rage, ya ce an cuce shi, alhali ba wanda ya cuce shi sai rashin tambaya. Ni kuwa duk kasuwar da na shiga, kafin in taya sai na ce a miƙo mini tiyar in riƙe ta a hannuna. Da wannan na gina gidan da kuka tashi a ciki. Abin da ban sani ba har na haura shekara sittin shi ne, amsar gaisuwar jiki ma haka take.

Mu Hausawa na san tamu tiyar. In ka ce wa mutum yaya jiki ya ce ya warware, ya warware. In ya ce da sauƙi, to yana jin jiki amma yana tashi. In ya ce sai a hankali, a fara neman mota. In kuwa na kusa da shi suka ce sai addu'a, ka tsaya kusa kada ka yi nisa. Kasala kuwa a wurinmu ba ta ma shiga cikin awo. Ita ce abin da mutum yake ji in ya cika cikinsa da tuwo da rana.

Mutum biyu ne suke zama a rumfata kamar tasu. Ɗaya kun san shi, Baba Lamidi mai gyaran injin niƙa, Bayarabe ne da ya zo Daura yana saurayi ya tsufa a cikinta. Tun ranar da na san shi yake mutuwa. In sauro ya cije shi ya mutu, in bayansa ya riƙe ya mutu, in ya kwana bai yi atishawa ba ma sai ya zo ya ce lallai akwai abin da ke shirin kashe shi. Ɗayan kuwa kawunku Buba ne, yayan Innarku, wanda rugarsu take gabas da Sandamu. Ƙananan cikin jikoki ba su riske shi sosai ba. Dogo ne, siriri, ba ya cin abinci a gaban mutane, kuma sai ka roƙe shi sau uku kafin ya zauna. Ni ina ce masa Jauro, shi yana ce mini Kaɗo, yadda Fulani suke kiran Bahaushe, tun ranar da na je neman auren ƙanwarsa ya dube ni ya ce da wane nonon zan riƙe ta. Hausarsa kuwa irin ta mutanen daji ce, ba ta raba mace da namiji. Sai ya ce matarsa ya tafi rijiya, bijiminsa ta ƙi cin ciyawa. Shekara arba'in ina gyara masa, shekara arba'in yana ƙin gyaruwa.

Da kaka ne, wata ranar kasuwa da hantsi, ya sauka daga kan acaɓa ya nufo rumfa yana takawa a hankali. Ban ce masa zauna ba, sai na ga ya zauna a kan buhun gero. Na lura da takalminsa, irin na roba da makiyaya suke sawa, an tsaga shi da wuƙa daga sama har kusan yatsu.

"Jauro, saniya ce ta taka maka takalmi, ko rowa ce ta hana ka sayen sabo?"

"Takalmin ne ta tsufa ta ƙanƙance, Kaɗo."

"Yau na ji sabon abu, roba tana ƙanƙancewa. Yaya jikin dai?"

Ya dubi hanya, ya juya sandarsa a hannu, sannan ya ce, "Ɗan kasala ne."

"'Yar kasala ce ake cewa. Har ka yi furfura ba ka san kasala mace ba ce?"

Ya yi dariya, dariyar ta ƙare da tari. Ina cikin tsokanarsa sai ga Lamidi an riƙo shi, ya dafe ciki da hannu biyu, hularsa ta karkace, muryarsa ta riga shi isowa.

"Alaji Mudi! Yau kam ta ƙare! Ka aika wa yarana su zo su ɗauki gawa! Wayyo cikina, wayyo uwata!"

Ya zube a ƙasa yana birgima har mutane suka taru. Mota ɗaya gare ni lokacin, tsohuwar a-kori-kurar nan. Na dubi wanda yake birgima, na dubi wanda yake zaune da sanda a hannu. Buba ne da kansa ya ce mini, "Kai shi, Kaɗo. Ba ka ganin mutum tana mutuwa?" Na ce ya jira ni in dawo in kai shi gida ya gaisa da ƙanwarsa. Muka ɗauki Lamidi zuwa asibiti. Wake ne da ya kwana ya ci da safe. Aka ba shi magani, kafin la'asar yana zaune a kan gado yana tambaya ko ana sayar da rake a bakin ƙofa. Da na koma rumfa Buba ya tafi. Ya bar ƙwaryar man shanu ya ce a kai wa ƙanwarsa, ya ce kuma a faɗa mini rana ta yi, shanu suna jiransa.

Kwana uku bayan nan aka aiko daga ruga.

Ina cikin waɗanda suka yi masa wanka. Ƙafafunsa sun kumbura har gwiwa, in ka danna da yatsa sai ramin ya zauna. Matarsa ta faɗa wa Innarku cewa ya fi wata biyu ba ya iya kwanciya, a zaune yake barci ya jingina da ginshiƙin bukka, don in ya miƙe sai numfashi ya tsaya masa a wuya. Bai faɗa ba, ita kuma ba ta tambaya ba, domin a wurinsu tambayar ma tozarta shi ne. Ranar da ya zo rumfata, ba abin da ya kawo na sayarwa. Na daɗe ina juya wannan a raina. Mutumin da bai iya kwanciya ba ya hau acaɓa daga bayan Sandamu har Daura, ya zo wurin surukinsa mai mota, ya zauna ba a roƙe shi ba, ya buɗe baki ya faɗi abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ni kuma na gyara masa Hausa.

Lamidi ya bi ni ta'aziyya, ya yi kuka a rugar nan har Fulani suka rasa inda za su sa idonsu. A hanyar dawowa ya yi shiru, abin da ban saba gani ba, can ya ce, "Alaji, ni na cinye masa mota. Amma don Allah me ya hana shi faɗa?"

Na ce, "Ya faɗa. Ni ne ban ji ba."

Ya ce, "A garinmu in tsoho ya ɓoye ciwo ya mutu, 'ya'yansa ake zagi, a ce ba su kula da shi ba. Uwata ta koya mini in kaina ya yi ciwo in faɗa har maƙwabta su ji. Ban san akwai inda ake koya wa yaro ya haɗiye ba."

A nan cikin mota na gane kuskurena. Na auna maganar Buba da tiyar Hausawa, na auna ta Lamidi da ita. In Lamidi ya ce ya mutu, a zubar da kashi tara a riƙe ɗaya. In Buba ya ce kasala, to ya kai inda Bahaushe zai ce sai addu'a. Ba na cewa duk Bayarabe haka yake ko duk Bafulatani, na san masu raki a ruga, na kuma san Yarabawa masu cin rai. Amma gidan da mutum ya tashi shi yake ƙera masa tiyar da yake auna ciwonsa, kuma in ya tsufa ita yake komawa.

Yanzu sai Innarku. Ku kun tashi kun same ta Bahaushiya fiye da ni. Ta shigo gidana tana da shekara goma sha takwas, kafin ta yaye Sanusi, babbanku, Hausarta ta wanke tas, har ita take gyara mini magana in na yi ta 'yan kasuwa. Amma ta haifi tara a gidan nan, ba a taɓa jin muryarta daga ɗaki ba. Ranar da aka faɗa mata rasuwar yayanta, wanda take ce wa Hamma, ta ce Allah Ya jiƙansa, ta ƙarasa tankaɗen da take yi, sannan ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Ni na san wannan duka. Sai dai kullum tana gabana tana kai da kawowa, ban taɓa zama na ce ita ma 'yar rugar nan ce ba.

Da bazara Rabi, autarmu, ta dawo gida daga Zango haihuwar fari, Allah Ya sauke ta lafiya ta sami 'ya mace. Mijinta ya ce sunan Innarku za a sa. Cikin jikoki goma sha ɗaya ba a taɓa yi mata takwara ba sai ranar, kuma kun san yadda ta ɗauki abin. Mako guda tana shiri. Ita ta zaɓi geron fura, ita ta aika ruga a kawo nono, ta ɗinka sabon kaya, Sanusi ya sayo mata takalmi mai rufi da za ta sa in mata sun taru. Ran suna aka raɗa wa yarinya Hadiza a ƙofar gida bayan asuba, aka yanka rago, maza suka watse. Wajen hantsi na shigo in ɗauki goro, na nemi silifana a bakin ƙofar ɗakina na rasa. Ina waiwaye sai na hango su a ƙafar Innarku. Tana zaune a kan turmi da aka kifa, tana nuna wa masu girki abin da za su yi da baki. Matar da ko sallah ba ta zama sai ta ga tukunya ta ƙarshe ta sauka. Na yafito ta zuwa zaure. Tazarar ba ta kai taku ashirin ba, amma sai da ta dafa bango.

"Silifana fa?"

"Nawa sun shige wani wuri cikin hidima. Ka sa waɗansu mana, Alhaji."

"Yaya jikin?"

"Lafiya lau."

"Dube ni. Yaya jikin?"

Ba ta dube ni ba. Ta dubi ƙofa, ta ja numfashi, ta ce, "Ɗan kasala ne."

Ku da ba ku zauna da Buba kamar ni ba, ba za ku ji abin da na ji ba. Shekara arba'in da biyu muna tare, tun da Hausarta ta wanke ban ƙara jin ta mai da mace namiji ba. Ba kalmar kaɗai ta faɗa ba, da harshen yayanta ta faɗe ta, kamar ciwon ya tura ta baya har ya kai ta bukkar da aka haife ta. Na ce mata ta ɗauko mayafi, asibiti za mu yanzu.

"Alhaji, lafiyarka kuwa? Mutanen Zango sun cika gida. Takwarata ce fa. Gobe in Allah Ya kai mu sai a je."

Ta juya ta koma ciki. Na kira Sanusi na faɗa masa. Ya ce, "Baba, ai ta ce lafiyarta ƙalau, gajiya ce kawai. A bari taro ya watse." Ban zarge shi ba, abin da na ce wa kaina ke nan a rumfa. Na shiga ɗakinta, wanda na kwana biyu ban leƙa ba saboda masu jego. Sabon takalmin yana ƙarƙashin gado a cikin ledarsa. A kan gadon kuwa an jera matasan kai uku a jikin bango, tsakiyarsu ta lotsa daidai bayan mutum. A zaune take kwana.

Na tsaya da takalmin a hannuna na auna abin. In na bi ta da lallashi za ta fi ni, ta saba. In na jira la'asar ta ce magariba, in magariba ta yi ta ce baƙi za su kwana. Hanya ɗaya ce ba za ta iya kaucewa ba, kuma na san hanyar za ta yi mata zafi fiye da ciwon. Na yi sallama na shiga tsakar gida, cikin mata, cikin surukai, wata tana tsakiyar guɗa ta katse. Na ajiye takalmin a gabanta. Na kira ta da sunanta, abin da ban taɓa yi a gaban mutane ba.

"Hadiza, sa takalminki. In ya shiga na bar ki, in bi kowa a nan in ba shi haƙuri. In bai shiga ba, mota tana waje."

Uwar mijin Rabi ta ce, "Alhaji, lafiya dai?"

Na ce, "Ita nake so mu gani, Hajiya."

Da wata ce da ta yi faɗa ko ta yi kuka. Innarku kuwa ta zare ƙafarta daga silifana ta gwada, domin har lokacin tana ganin za ta ci ni. Yatsu ne kaɗai suka shiga. Da ta matsa sai zanenta ya ɗan ɗaga, kowa ya ga ƙafar. Wata tsohuwa ta yi salati. Innarku ta mai da ƙafarta cikin silifa, ta miƙe, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta nufi ƙofa. Sau biyu tana tsayawa kafin ta kai mota, kuma duk wadda ta kawo hannu za ta riƙe ta sai ta kauce. Rabi tana kuka da jaririya a hannu. An faɗa mini kafin la'asar mutanen Zango sun hau mota, shinkafar da aka dafa aka rarraba wa maƙwabta a bokitai. Wannan shi ne sunan da na ɓata.

Likitan da muka samu ba Bahaushe ba ne, amma ya daɗe a ƙasar nan ya iya Hausa. Ya durƙusa ya ce mata, "Mama, ke yaya kike ganin lafiyarki?"

Ta ce, "Lafiya lau, ɗana. Shi ne ya kawo ni."

Ya danna ƙafarta, ya saurari ƙirjinta, bai ƙara tambayarta komai ba sai da aka sa mata abin taimakon numfashi. Daga baya ya fito ya same ni a baranda. Ya ce zuciyarta ce ta gaji, ruwa ya taru tun daga ƙafa yana hawa har ya fara shiga ƙirji, kuma da an bar ta kwana biyu da ba a nan muke magana ba. Na tambaye shi, tun da ya san abin da za ta ce, me ya sa ya tambaye ta. Ya ce duk tsohon da aka kawo masa sai ya yi masa wannan tambayar, domin akwai waɗanda amsarsu ta fi gwajin jini faɗin gaskiya. In suka ce ba su jin daɗin jikinsu, ko bai ga komai ba ba ya sakin su, don ya sha ganin irinsu ba su kai baɗi ba. Amma ya ce tun da ya zo nan ya koyi cewa sai ya san daga inda mutum ya fito kafin ya san nauyin amsarsa, wani a rage, wani a ƙara. Na ce masa, likita, ashe kai ma ɗan awo ne. Bai gane ba, na bar shi.

Kwananta tara a asibiti. Da ta dawo gida sai da aka yi kwana arba'in ba ta yi mini magana ba. Gaisuwa tana zuwa, abinci yana zuwa a kan lokaci, fura ba ta taɓa tsinkewa ba, amma ko kalma ɗaya bayan wannan babu. Ku ma kuka bi bayanta. Sanusi ya ce da na yi dabara. Rabi ta koma ɗakinta ba ta yi mini sallama da sakin fuska ba. Ba zan ce ba ku da gaskiya ba. Na tona mata abin da ta fi tsarewa a duniya, a gaban surukai, a ranar da ta fi kowace rana ɗoki, kuma ranar ba za ta dawo ba. Hotunan sunan suna nan, ba ta cikin ko ɗaya. Na same ta na ba ta haƙuri a kan yadda na yi. Ban ba ta haƙuri a kan yin ba, na kuma faɗa mata haka. Ta ci gaba da tsince shinkafarta kamar da bango nake magana.

Wata safiya ina zaune a tsakar gida ina shan koko, sai ta fito daga ɗaki da takalmin nan a hannu. Ta sake shi a gabana har ƙura ta tashi. Ta sa hagu, ta sa dama, ta buga ƙafa a ƙasa sau biyu.

"Ya shiga. Sai ka bar ni in sha iska, Kaɗo."

Ba ta taɓa kirana da wannan sunan ba. Tun da aka binne Buba ban sake jin sa a bakin kowa ba. Na sunkuyar da kai cikin kwanon koko na daɗe ban ɗago ba.

Daga ranar ya zama ƙa'ida, ba tare da mun zauna mun shirya ba. Kullum da safe za ta fito da shi ta sa a gabana. Ba na tambayarta jiki, ita ma ba ta faɗa. Takalmin farko ya mutu, an sayi na biyu daidai girmansa, yanzu na huɗu muke ciki. Sau biyu cikin shekarun nan ya ƙi shiga. Duka biyun ta bar shi nan a gabana ta koma ɗaki ta ɗauko mayafi, ni kuma na ɗauko makullin mota. Aka ƙara mata magani, muka dawo.

Takwarar tata yanzu shekararta goma sha ɗaya, ita take zuwa hutu tana taje mata kai. Lamidi yana nan ya kusa casa'in, makon jiya ma ya aiko a faɗa mini ya mutu, na je na tarar yana cin gyaɗa. Ni kuwa in kun buga waya kun ce yaya jiki na ce da sauƙi, ku tuna Bahaushe ne ubanku, ku ɗan ƙara a kai amma kada ku tayar da hankali. Ranar da na ce sai a hankali, ku zo.

Abin da ya sa na rubuta wannan babin dai ɗaya ne. Ban san wanda zai riga wani tsakanina da ita ba. In ni ne, dole wani cikinku ya gaji kujerar nan ta tsakar gida da safe. Kada ku ce mata Inna yaya jiki, za ta ce lafiya lau, ku tafi da murna. Ku zauna kawai da kokonku, ku yi kamar ba ita kuke jira ba. Za ta fito da takalmin. Kada kuma ku sayo mata wanda ya fi wannan girma don tausayi, Sanusi da kai nake.

Yau da safe ma ta fito. Ta ga takarda a gabana ta ce me nake ta rubutawa kwana da kwanaki kamar mai shirin jarrabawa. Na ce labarin yadda na ɓata mata suna nake ba yara. Ta sa hagu, ta sa dama, ta buga ƙafa.

"To ka rubuta har da cewa silifanka ba su da daɗin takawa."

Ga shi na rubuta.